Tsaga Uku a Bayan Kunnen Kaka

Jiya a kasuwar Sabon Gari wata tsohuwa mai sayar da citta ta gyara ɗankwali, sai na hango tsaga uku a bayan kunnenta. Sak irin ta marigayiya kakarmu, mai tutiyar ita Bazazzagiya ce gaba da baya. Ina yarinya a Samaru, in ina mata tsifa, kanta na ƙamshin man shanu, in na taɓa tsagar takan buge hannuna ta ce, "Ƙaya ce, ke dai yi aikinki."

Na ce wa mai cittar, "Mama, wannan tsagar fa?"

Ta ce, "Ta gidanmu ce, a kudancin Kaduna. Zamanin Turawa aka ɗauke mana yarinya a hanyar rafi. Har yau muna sa wa 'ya'yanmu sunanta."

A nan na gane ƙayar da Kaka take nufi.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sada ta da waɗanda ba su daina kiranta ba.