Ranar da Na Kwashe Shanyar Kofur

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Na tashi ƙarfe biyar saura kamar kullum, na leƙa ƙullun masa, na ga ya tashi yadda nake so. Maigidana, Malam Sale, ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin ƙofa yana shan shayi kafin ya wuce shagonsa na kafinta. Ummi, 'yarmu mai shekara biyu, tana barci. Ƙarfe shida na hura wuta na ɗora tanda.

Gidan haya muke a Gwallameji, ɗaki takwas, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Muna da wata al'ada da babu wanda ya kafa ta: duk wanda ya fara ganin hadari, shi zai kwashe shanyar kowa, ba a tambayar ta wane ne. Mukan yi faɗa a kan layin banɗaki, a kan shara, a kan kajin wani. Wannan kam ba mu taɓa saɓa ta ba.

Ɗakin ƙarshe na Kofur Garba ne, ɗan sanda. An ce babu wuri a bariki, shi ya sa yake haya tare da mu. Gadin gidan wani babban mutum yake yi a GRA, ya kwana can ya dawo da safe. Ƙa'ida ita ce ya fara kai bindiga ofis kafin ya zo gida. Amma hakan na nufin hawa keken haya mai ƙafa uku sau biyu, aljihunsa kuma ba ya ɗauka, sai ya riƙa tahowa da ita. Mun saba ganinta jingine a bayan ƙofarsa kamar tsintsiya.

Talaucinsa na san shi sarai. Idan wata ya yi nisa, masa biyu yake saye, ni kuma in ƙara masa uku in ce gyara ne. Nakan tsokane shi da cewa gwamnati ta ba shi bindiga ta hana shi miya, ya yi dariya. Kaki biyu gare shi, duka biyun da kuɗinsa ya ɗinka su. Ɗaya ya koɗe, shi yake sawa kullum. Ɗayan sabo ne, ya yi wata da watanni yana tara kuɗi kafin ya samu. A ranar wani babbansu zai zo duba su ƙarfe goma, yana sa ran a tuna da shi wajen ƙarin girma. Shi ya sa ya wanke sabon da yammacin Litinin ya shanya ya tafi aiki. Matarsa ta je gida wankan jego, ɗakin a kulle.

Shida da kwata hadari ya haɗo daga gabas. Ni kaɗai ce a tsakar gida. Na kwashe shanya duka, na jefa wa kowa tasa ta taga. Ta Kofur ba ta da inda za ta shiga. Na rataye wandon da rigar a ƙusa cikin zaure, inda na mayar da murhuna saboda ruwa. Na koma ɗauko ƙullu. Iska ta buso. Da na dawo, rigar tana kan tanda, wuta ta ci kafaɗar dama, rami kamar tafin hannuna.

Na tsaya riƙe da ita. Malam ya karɓa ya jujjuya ta. Ya ce in kwantar da hankalina, shi zai yi masa magana, tela zai iya yin wani abu kafin goma. Haka yake. Duk abin da ya lalace a duniya, gani yake da ƙusa biyu za a gyara shi.

Bakwai da minti ashirin ruwa ya ɗauke. Takwas saura kwata Kofur ya shigo, a jiƙe, idanunsa ja don rashin barci, bindiga a kafaɗa. Ya dubi igiya. Malam ya tare shi da rigar a hannu biyu, yana ba shi haƙuri. Ban ji duk abin da suka ce ba. Na ji muryar Kofur tana hawa, ta Malam tana sauka. Na ji ƙarar mari. Malam ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, rigar tana hannunsa har lokacin. Sai na ji ƙas-ƙas na ƙarfe.

Harbi ɗaya ne. Kwanon rufi ya amsa, kaji suka watse, kunnena ya toshe. Malam ya zauna a cikin ruwan tsakar gida kamar wanda ya gaji. Ya dube ni.

Maza biyu na gidan suka ɗauke shi suka sa a keke. Na bi su da gudu har bakin titi, sai na tuna Ummi tana ɗaki ita kaɗai. Na juyo. Kafin in goya ta, 'yan unguwa sun cika ƙofar gida. Kofur ya buɗe ƙofarsa ya shige ya tokare ta, muna jin sa yana waya. Duwatsu suka fara sauka a kan rufinsa.

Takwas da rabi motocin 'yan sanda biyu suka tsaya a waje. "Kowa ya kwanta! Kwanta!" Hayaƙi mai sa hawaye ya cika zaure. Ummi ta fara tari a bayana. Ina jin duka, ina jin ana jefa mutane cikin mota. Maman Joy, maƙwabciyata, ta fizgi hannuna zuwa bayan banɗaki inda katanga ta zube. Ta ce da karyayyiyar Hausarta, "Maman Ummi, ka gudu! Kai ne ka gani, kai za su nema!" Ta tura ni na tsallaka.

Na bi ta cikin kangayen gidajen da ba a gama ginawa ba, ta cikin masarar da mutane ke shukawa a filaye. Laka ta cinye takalmina ɗaya, na yar da ɗayan. Na fito titi can gaba. Masu keke uku suka rage gudu, suka ga jini a zanena, suka wuce. Ban ga laifinsu ba. Na yi ta tafiya a ƙasa, ina raɓewa duk lokacin da na ji jiniya. Sha ɗaya ta wuce na shiga Ƙofar Ran, gidan Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina. Ta dube ni sau ɗaya, ta kwance Ummi daga bayana.

Ana kiran azahar yayan Malam ya zo. Bai shigo ba, daga zaure na ji salatinsa. Tun a keke rai ya yi halinsa.

Kwana uku gawar tana hannun 'yan sanda. A takardarsu an rubuta cewa Malam ya yi yunƙurin ƙwace bindiga. Suka ce ba za a saki gawa ba sai dangi sun sa hannu a kan haka. Na ce kada a sa, ni na gani da idona. Gwaggo ta ce mutumin nan yana kwance a cikin sanyi, ba wanka, ba likkafani, har yaushe? A rana ta uku yayansa ya sa hannu, yana kuka. Aka yi jana'iza bayan la'asar. Mazan gidanmu da aka kama aka sako su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dawo bakinsa a rufe.

An ce mana an tsare Kofur, za a yi masa hukunci irin nasu na cikin gida. Da na fita takaba na je ofishinsu sau huɗu. Yau oga ba ya nan, gobe fayil yana sama. A zuwa na huɗu wani ya tausaya mini, ya ce in daina ɓata kuɗin keke, an yi wa Kofur canjin wurin aiki. Na tambaya ko yana karɓar albashi. Ya ce to, ai ba a kore shi ba.

Na gan shi sau ɗaya bayan nan, a wani shingen hanya a wajen gari, ina cikin mota. Yana nan a rame yadda na san shi, yana miƙa wa direba hannu. Rigarsa sabuwa ce. Na so in ji fushi, gajiya kawai na ji.

Ban koma Gwallameji ba. Maman Joy ta kawo mini kayana a buhu biyu. Tandar ta fashe a ranar, ban sayi wata ba. An sayar da kayan shagon Malam. Ummi ta daina tambayarsa tun kafin ta cika uku. A takarda har yau shi ne mai laifi.

Damina ta sake zagayowa ina gidan Gwaggo. Wata safiya hadari ya haɗo, ni kaɗai a tsakar gida, igiya cike da kayan mutane. Na miƙe, har na kai hannu. Sai na koma bakin ƙofa na zauna, ina kallo ruwa ya jiƙa su duka.