Maƙeriyar Inna Ta Tafi

Da safen nan ina dama koko labari ya iske ni: Maƙeriya ta rasu a Hong Kong. Ɗan yayanta da ke kasuwanci a Kano ne ya turo wa babban ɗana saƙo a waya.

Na zauna da ludayi a hannu har kokon ya yi gudaji.

Yawancinku ba ku san ta ba. A ƙasarsu kuwa, an ce babu gidan da bai san fuskarta ba. Ta yi shekaru tana wasan ban dariya da yarensu na Kanton, tana kuma gabatar da shiri a talabijin. Ni na san ta tun ba ta zama kowa ba, a Gumel, cikin shekarun saba'in, muna jihar Kano.

Na ɗauko tsofaffin littattafan da nake rubuta al'amuran yau da kullum, don kada in yi mata ƙari. Abin da na rubuta a kanta kaɗan ne. Sauran daga kaina yake, idan na yi kuskure a yafe ni.

Yayanta yana aiki a masana'antar kwanukan samira a Kano, shi ke kawo wa dillalan Gumel da Maigatari kaya. Ita kuma an sallame ta daga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a can gida, wai fuskarta ba ta jaruma ba ce, sai ya ɗauko ta, ya kawo ta Gumel ta huta. Da yake na yi sakandare ina jin Turanci, ni aka haɗa da ita. Ticha take kirana.

Lokacin ina sabuwar malamar firamare, sabuwar amarya. Surukata, Inna, da ƙyar ta yarda in ci gaba da aiki. Ta ce wa maigidana a gabana, "Ranar da bokon nan ya kawo mini raini cikin gida, ranar ta ajiye alli."

Kullum da wannan maganar nake kwana.

Baƙuwar nan mutum ce. Da laulayin cikin fari ya kwantar da ni, ita ke dafa mini kunun shinkafa da citta, ta zauna a bakin gado tana kwaikwayon yadda hedimastanmu ke gyara tabarau, har in manta ina jin amai.

Sai ƙanwar maigidana ta haihu, aka sa suna a gidan Inna a Maigatari. Na tafi da ita. Har yau ina tambayar kaina me ya hana ni yi mata gargaɗi a mota.

Inna tana da wata tafiya. Hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da mafici. Duk kwanon tuwon da aka kawo sai ta ɗaga faifai, ta shinshina, ta ja tsaki, ta wuce. Baƙuwa na zaune a tabarma tana kallo.

Da la'asar, mata cike da tsakar gida, Inna ta shiga ɗaki. Kafin in ankara baƙuwata ta miƙe, ta yafa gyalena, ta ɗauki mafici, ta dafa ƙugu. Ta bi kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga faifai tana shinshinawa.

Wallahi Inna ce sak.

Wata ta fashe da dariya, ta yi maza ta toshe baki. Inna na tsaye a ƙofar ɗaki, a bayan baƙuwata.

Ni na kawo ta. Gyalena ne a kanta. A zuciyata na riga na yi ban kwana da 'yan ajina.

Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo gare ni. "Ke Malama, me ake yi a gidansu?"

Na durƙusa. "Kwano suke ƙerawa, Inna."

"Da wuta? Da ƙarfe?"

"E, Inna."

"Au! Ashe maƙera ne. Shi ya sa babu kunya a idonta. Ku ƙyale ta, baiwata ce."

Ga yaran yanzu da ba su sani ba: mahaifin Inna Buzu ne daga wajen Damagaram, kuma tsakanin Buzaye da maƙera akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya, ba a fushi.

Inna ta ƙara da cewa, "Gaya mata ta sake. Tafiyar ta yi, amma tsakin nan nata kamar na kaza mai mura."

Ranar nan da idona na ga surukata tana koya wa 'yar Sin tsaki, mata na faɗuwa kan juna don dariya. Daga nan sunan Maƙeriya ya bi ta.

Ban sani ba ko Inna ta yarda da gaske cewa maƙera ne, ko dai mafita ta nema mana mu duka. Na sha juya abin. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba.

A hanyar komawa na bayyana wa Maƙeriya abin da ya kusa faruwa. Da muka shiga Gumel ta riƙe hannuna ta ce, "Ticha, da na san aikinki nake wasa da shi, da na zauna kamar buhun gero."

Kasuwar Maigatari na zagayowa Maƙeriya ta kai wa Inna kwanon samira mai furanni. Inna ta ƙwanƙwasa ta ce, "Ƙirar banza." A saman jerenta ta ajiye shi har ta bar duniya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Gagarawa Tasha ce, na raka ta hawa jirgin ƙasan Kano. An kira ta gida gwajin wani shirin talabijin, tana ta tsoro kada a sake korarta. Na isar mata da saƙon Inna: "Ki ce wa baiwata ta daina jira a ce tana da kyau. Ta je ta ba su dariya."

Ta yi kuka. Da jirgi ya motsa, ta leƙo ta taga ta ja mini tsaki. Wannan karon ya fita daidai.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai, mutanen gidan yayanta suka aiko mini da kaset ɗin bidiyo. Ga ta nan cikin riga mai walƙiya, fitilu ko'ina. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Can wani baƙon shirin ya kawo mata abinci. Sai ta dafa ƙugu, ta ɗaga murfi, ta shinshina.

Mutanen zauren nan suka kece da dariya. Ba su san wa suke kallo ba. Ni na sani. Lokacin Inna ta riga ta rasu.

Ban ajiye alli ba sai da na yi ritaya.

Ban san a kan me Maƙeriya ta cika ba, wannan tsakaninta da Mahaliccinta ne. Abin da na shaida, ta yi mini alheri. Allah ya ba 'ya'yanta da danginta haƙurin rashinta. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya taya ni da amin, ya kuma sa Inna a addu'a.