Geron da muka kai wa Gwaggo

Gwaggo ta ɗebi geron a tafin hannu, ta tauna ƙwaya biyu, ta dubi Baba.

Ranarmu ta farko ke nan a Katsina. Hutun lakwal ne, wato makaranta, mun taso daga Maijirgi, ni da Baba da ƙannena biyu, Nafisa da Habu, waɗanda ba su da zance sai hasumiyar Gobarau. Shingen sojoji biyar na ƙirga a hanya, amma buhun geron nan da muka ɗauko na fi tsoro.

Duk zuwa, Baba yakan kawo wa yayarsa geron gonar kakanmu. Bana fari ya kashe shuka sau biyu, har iri ya ƙare. A kasuwar Tasawa ya sayi wannan, ya ce kada mu faɗa.

"Sani, wannan ba namu ba ne," in ji ta.

"Yaya, gero ai gero ne."

"Ni za ka gaya wa? Da kununsa aka yaye ni."

Ranar komawa ta miƙo masa gora cike da gero.

"Na bara ne. Ba na cinye abin da ka kawo, sai na rage iri."

A cinya Baba ya riƙe goran har gida.

Ku fa, wa ke ajiye irin gidanku?