Yosiya Mai Kiran Kotu

Duk wanda ya saba shiga motar da ke jigila tsakanin unguwar Jamaica da filin jirgi a can ƙasar waje ya san muryar Yosiya Choji. In ya ce a matsa ciki, komai taurin kan fasinja sai ya matsa. Ba banza ba. Kafin ya kama tuƙi, masinjan Mai Shari'a Mang ne a wata babbar kotu can gida. Shi ke ɗauko masa baƙar riga, ya buga ƙofa, ya ce "Kotu!" kowa ya miƙe tsaye.

Aikin ya ƙare ne ranar da Mai Shari'a ya ba da umarnin sakin wani malamin makaranta da sojoji suka tsare. An yi ta bugo masa waya daga sama, ya yi kunnen uwar shegu. Washegari a rediyo ya ji wai ya yi ritaya. Yosiya ya yi zuciya, ya ajiye kaki, ya bar ƙasar.

A hunturun 1994 Filomina, 'yar Mai Shari'a, wadda ke aikin jinya a unguwar Bronx, can inda Yosiya ya koma, ta neme shi.

"Kawu, Baba yana wurina a University Heights. Tsufa ya taɓa masa kai. Ya kulle kansa a bedroom, ba ya cin abinci, doctor ya ce in aka ci gaba haka za mu rasa shi. Wai ba zai fito ba sai an sanar da fitowarsa kamar a kotu."

Yosiya ya goge farar rigarsa ya tafi. Ya tara Filomina da 'ya'yanta a falo, ya harari masu ƙunshe dariya, ya buga ƙofar ɗakin, ya saki murya. Kowa ya miƙe.

Tsohon ya fito yana jan ƙafa, ya rame kamar kara. Ya ɗan rusuna wa jikokinsa, ya zauna gaban tuwo, amma bai taɓa ba.

"Yosiya, malamin nan. An sake shi?"

A tsare malamin ya mutu, Yosiya kuwa ya sani. Bai taɓa yi wa tsohon nan ƙarya ba, ga tausayi ya cika masa ciki. Ya dubi tuwon yana hucewa.

"An sake shi, ranka ya daɗe."

"To," in ji tsohon. "Ashe da sauran kotu a ƙasar."

Ya miƙa hannu a zuba masa ruwa.