Sarki Ya Ƙetare Teku, Ni Ina Jiran Fasfo

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur aka ɗora mana wani darasi na tarihin ƙasar, wanda duk ɗalibi baƙo sai ya ci shi kafin ya kammala. Ni kwamfuta aka turo ni in karanta, don haka na shiga ajin ina ɓata rai. Malamar, wata 'yar gajeruwar Ba'indiya haifaffiyar nan, ta zuba ƙananan takardu a kwali ta ce kowa ya zari ɗaya, abin da ya fito masa shi zai bincika ya gabatar a ƙarshen zango. Wasu suka samu noman roba, wasu haƙar kuza. Ni na buɗe tawa na ci karo da wani sarkin Tamil na kudancin Indiya, mai sunan da na yi sati guda ina tuntuɓe a kansa. Ni da ko sarakunan Kano ban iya jerawa ba, sai ga shi an haɗa ni da na Indiya.

A satin ne kuma na miƙa fasfona a ofishin ɗaliban waje na makarantarmu don a sabunta min biza. Haka ake yi duk shekara, ka bayar, su ba ka wata 'yar takarda ka riƙe. Ban damu ba, don babu inda za ni. Kwana goma bayan nan Yaya ya kira ni daga Kano ya ce an kwantar da Baba a asibiti, ciwon ƙodarsa ya tashi.

Washegari na je ofishin na ce a ba ni fasfona, mahaifina ba lafiya. Matar da ke bayan gilashi ta duba kwamfutarta ta ce ba ya hannunsu, yana wajen hukuma, idan kuma aka janye shi yanzu bizar ta lalace, na fita ke nan ba dawowa. Na ce to yaushe? Ta ce, “Sati mai zuwa lah,” da wannan lah ɗin da mutanen nan ke liƙa wa ƙarshen magana. Da murmushinta da komai. Wannan satin mai zuwa sai da na ji shi sau shida, har na haddace yadda take karkata kai kafin ta faɗa.

Baba malamin tarihi ne, shekara talatin yana koyarwa a sakandare kafin ya yi ritaya. Da na kira shi a gadon asibiti na rasa abin da zan ce masa, sai na ba shi labarin sarkin da aka jingina min. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Alhaki ne,” in ji shi. “Ɗan malamin tarihi da ke gudun tarihi. To me sarkin ya yi?”

Na ce ban karanta ba tukuna.

“To je ka karanta, gobe ina jira. Kuma kar ka kawo min shi a dunƙule, bi shi yaƙi bayan yaƙi.”

Haka muka fara. Kullum in na fito daga aji da la'asar, lokacin hantsi ya yi a Kano, sai in zauna a kedai ɗin mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan gidanmu a Bukit Jalil, in sa a kawo min shayi, in kira shi. Na faɗa masa sarkin ya gaji mulki daga ubansa, shi ma jarumi ne, ya fara da ƙarasa cin tsibirin Lanka da uban ya soma. Baba ya ce ɗan kirki ke nan. Na faɗa masa ya tura runduna arewa, tafiyar watanni, har bakin kogin Ganga, aka ɗebo ruwan kogin a tuluna aka kawo masa ya zuba a tafkin sabon birnin da ya gina, har ana cewa sarakunan da aka ci da yaƙi ne suka ɗauko a ka.

“Wato ya mai da sarakuna 'yan garuwa,” in ji Baba. Na ji Umma tana ce masa ya rage dariyar nan, akwai ƙarin ruwa a hannunsa.

Gaskiya ni haushin sarkin nake ji. Mutum shekara kusan dubu da ta wuce, ya bushi iska ya ce a haɗa jiragen ruwa, ya ƙetaro teku zuwa wannan ƙasar da nake zaune, babu wanda ya tambaye shi takarda. Ni kuwa ga jirgin sama yana wucewa ta saman gidanmu kullum, ina hawa na goma sha bakwai ina kallonsa, da 'yar takarda a aljihu. Na daina zuwa kasuwar Chow Kit sayen kayan miya don kar a tare ni a hanya a yi ta jan magana. Daga aji sai kedai, daga kedai sai ɗaki.

Ranar da zan fara ba shi labarin ƙetarowar, Yaya ne ya ɗauki wayar. Ya ce Baba yana barci. Washegari ya ce likita ya hana shi yawan magana, in riƙa turo saƙon murya za a kunna masa. Na ce a haɗa ni da Umma, ya ce ta je gida ɗauko abinci. Ni ma Bahaushe ne, na san irin wannan amsar. Da idona na ga yadda aka ɓoye wa wani ɗan ƙanin Baba rasuwar uwarsa har ya gama jarrabawa, ni ma ina cikin masu ce masa tana gaishe shi. Amma da abin ya zo kaina sai na yarda da barcin, don ban da yardar ba ni da abin yi.

Na ci gaba da turawa. Na ba shi labarin yadda jiragen suka faɗa wa garuruwan bakin teku ɗaya bayan ɗaya har Kedah da ke arewacin ƙasar nan, aka kama sarkin wurin da giwayensa da dukiyarsa, sannan maharan suka tattara suka koma gida, ba su zauna ba. Na ce masa, Baba, irin na Kwararrafa ke nan da ka ce sun shigo Kano sun ci sun juya. Na ce masana har yau suna gardamar abin da ya kawo shi, ko kasuwanci ne ko son a sani, kai me ka gani? Saƙo biyar na tura a kwana biyar. Kowanne Yaya zai rubuto, “Ya ji, ya ce ka dage da karatu.” Baba bai taɓa cewa in dage da karatu ba a rayuwarsa. Da shi ne da ya ce na yi kuskure a wani wuri.

Ranar Juma'a, saura kwana uku in gabatar da aikin, na shiga jirgin ƙasa zuwa masallacin Kampung Baru. Bayan an idar, ina neman takalmina, wani dattijo ɗan unguwarmu ta Kano da ke digirin digirgir a nan ya kamo hannuna da hannu biyu.

“Ya haƙuri? Jiya nake ji. Allah ya jiƙan Malam, ya koyar da ni a aji uku.”

Ban san me ya gani a fuskata ba, amma ya saki hannun. Ya ce, “Innalillahi. Ba a faɗa maka ba?” Ya shiga ba ni haƙuri, yana cewa ƙila shi ne bai ji daidai ba. Na ce masa babu komai. Na tambaye shi yaushe, ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce ranar Lahadi.

Na fita na zauna a kan dakalin wani mai sayar da shinkafa, mutane suna ta layin tapau a gabana, wato a ƙunsa musu abinci su tafi da shi. Na kira lambar Umma kai tsaye. Ta daɗe tana ringi kafin ta ɗauka. Safiya ce a Kano, kuma ina jiyo sallamar mata a bayanta suna shigowa, wata tana cewa ya ƙarin haƙuri, sai na ji an toshe wayar da tafin hannu, aka ja ƙofa.

“Ka idar da Juma'ar?” in ji ta. Muryarta a dishe.

Na ce na idar.

“Yaushe ne gabatarwar taka?”

Na ce Litinin.

“To ka tsaya ka yi ta da kyau. Ka ji ko?”

Na gane cewa ranar Litinin suke jira, ita da Yaya, kuma ta yi kwana biyar tana riƙe da wannan abu saboda ni. Idan na ce na sani, na zubar mata da wahalarta, kuma ko na sani babu fasfon da zan zo in zauna kusa da ita. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Umma, ya jikin Baba?”



“Da sauƙi,” in ji ta.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta ce amin. Daga nan babu wanda ya iya kashe wayar a cikinmu.