Wuƙar da Aka Raba da Kubenta

Wallahi tallahi wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don da ƙaddara ce kawai ta faɗo mini da na yi shiru na rungumi haƙuri, amma mutum ne ɗan'uwana, da gemunsa da carbinsa, ya tura ni ciki yana sane.

A lokacin ina zaune a Magama, bakin iyakar Jibiya da Nijar, ina da 'yar rumfar dukanci kusa da inda manyan motocin Maraɗi ke jira a duba takardunsu. Ni baduku ne, gado na yi, kuma a dukancin ma ɗinkin kube na fi ƙwarewa, har nakan yi alfahari cewa babu wuƙar da za ta zo hannuna ta koma tsirara. Shari'a ta yi shekaru da kafuwa a jiharmu, ga ta'adin ƙauraye, wato 'yan daba, saboda haka duk wanda aka gani da wuƙa a ƙugu sai ya yi bayani. Mu masu sha'awar tsofaffin wuƙaƙe sai muka koma waya. Wani dattijo, Malam Hamisu na Daddara, tsohon malamin makaranta, ya buɗe mana guruf a Wasaf, muna saye muna sayarwa muna musaya, kuma ya kafa mana ƙa'ida: a faɗi asalin wuƙa, a haɗu da rana a bainar jama'a da shaida ɗaya daga cikinmu, wuƙa ta zo cikin kubenta, kuma a ajiye ta ƙasa mai karɓa ya ɗauka, ba a miƙa ta hannu da hannu. Mu matasa dariya muke yi masa a bayan ido, muna cewa tsoho ya mayar da mu 'yan aji uku.

A cikinmu akwai wani ɗan kasuwa, Rabe, mai shiga da fita tsakanin Jibiya da Maraɗi. Kullum da safe shi ne farkon turo mana wa'azi a kan riƙon amana, ku riƙe wannan a ranku. Wata rana ya sa hoton wata wuƙar damtse irin ta Buzaye, kwance a kan tabarma, mariƙinta baƙin itace da zoben tagulla, ga kubenta a gefe, ja da kore, an yi masa baki da azurfa. Ni dai da na gani sai da na ajiye basillar da ke hannuna. Ban gama kallo ba sai ga saƙonsa ni kaɗai, wai ya san ni ne mai ido, kada mu wahalar da Malam Hamisu da neman shaida, in ba shi wuƙaƙena biyu ƙirar Kano ya ba ni ita. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na ce masa ya zo.

Ya zo rumfata bayan azahar, ya zaro ta daga cikin takardar buhun siminti. Na ce, "Alhaji, ina kuben?"

Ya ce, "Haba maigida, wancan ai gara ta cinye shi daga ciki, hoto ne kawai ya yi mashi kyau. Kai kuma miye aikinka? Duk ƙasag ga wa ya kai ka?"

Kaina ya kumbura, na miƙa hannu na karɓe ta daga hannunsa. Babu shaida, babu kube, ban kuma tambayi asalinta ba.

Na zaɓi jar fatar akuya mafi kyau da nake da ita, na kwana biyu ina ɗinki, na zura wuƙar ta zauna daram, na sa a akwatin ƙarfe na kulle na tafi sallar la'asar. Da na dawo na buɗe, sai na tarar da kuben a tsage daga baki har wutsiya, ba ta kan ɗinki ba, ta tsakiyar fata, wuƙar kuma tana kwance a gefensa. Na ce ƙila fatar ce ta bushe. Da yamma na ji ƙaramin yatsana na dama ya yi sanyi ya ƙi lanƙwasuwa, na ce gajiya ce. Na sake wani, fata ninki biyu da siririn katako a ciki, shi ma haka na same shi, har katakon ya rabu biyu, yatsa na biyu kuma ya bi ɗan'uwansa. Mai hankali da nan zai tsaya, amma ni taurin kai ya riga ya hau ni, ina cewa ƙarfe ne fa, ƙarfe ba zai kunyata ni a sana'ar ubana ba. Na uku da fatar raƙumi na yi shi. Ina zaune muna hira da Sallau, wani direban Maraɗi da yakan huta a bencina, sai muka ji ƙyat daga cikin akwati, shi ma ya ji, don har ya tambaye ni ko ɓera ne. Kafin magariba yatsan tsakiya ya mutu.

To ku duba, baduku da yatsu uku a sandare. Basilla na faɗuwa daga hannuna, aikin mutane ya taru, ga iyali. Na je asibiti aka duba aka ce ba a ga komai ba, aka ba ni man shafawa. Tsoro ya kama ni sosai, amma duk da haka, Allah ya yafe mini, na yanka fatar kube na huɗu, ina shirin ɗinkawa da hagu.

Ranar kasuwa ce, rana tsaka, mutane cike da hanya. Sai wani dogon tsohon Buzu da baƙin rawani ya yi sallama ya tsuguna a gabana. Ya dubi fatar da na yanka, ya ce, "Baduku, ka ɗinka ukku. In ka kai biyar, da mi za ka ci tuwo?"

Ban da Sallau babu wanda ya san zancen. Na ce, "Baba, wane ne kai?"

Bai amsa ba. Ya nuna akwatin da hannun dama, na ga babban yatsansa a gutsure yake daga gaɓa, ya ce, "Ba ta son rigar aro. Maida ta ɗakinta."

Na juya in buɗe akwatin, juyawa ɗaya wallahi, na waiwayo babu kowa. Sallau yana kan benci yana cin goro, na ce ina tsohon ya bi, ya ce wane tsoho, shi dai ya ga ina magana ni kaɗai ya zaci lissafi nake. Da na kwatanta masa rawanin da yatsan, sai ya tofar da goron ya ce in nuna masa wuƙar. Yana ganinta ya ja da baya.

"Wagga ai ta Agali ce, wani maƙerin Buzaye can wajen Dakoro, mai gutsurarren babban yatsa. Ya rasu bara da damina, ni da kaina na kai 'yan gaisuwa."

Shi ya gaya mini cewa a wurin maƙeran Buzaye miji ke ƙera ƙarfe, matarsa ke ɗinka kube. Wannan ita ce wuƙar farko da Agali ya ƙera bayan aurensu, kuben kuma shi ne ɗinkin farko na matarsa, wadda ta riga shi rasuwa da daɗewa. Ya bar wasiyya ko za a sayar kada a raba su, kuma da yunwa ta sa 'yarsa ta sayar, sai da ta sa mai sayen ya rantse a kan haka a gaban mutane. Sallau ya ce duk tasha an san wanda ya saya, Rabe ne.

Na rufe rumfa na tafi shagon Rabe. Na nuna masa hannuna, na ce ina kuben da gara ta ci. Ko kunya bai ji ba. Ashe raba su ya yi don ya ci riba biyu, ya sayar da kuben daban saboda azurfar. Ya ce, yana jan carbi, "Ciniki ya faɗa. Da hannunka ka amsa. Ina shaidarka?"

Wannan kalma ta ina shaidarka har kabarina ba zan manta da ita ba. Mutumin da ya ce kada a nemi shaida, shi ne yau yake tambayata shaida. Ya rantse wa marainiya ya karya, ya san abin da ya ɗauko, ya rasa wanda zai jefa wa sai ni mai ci da yatsu. Da ba don ina tsoron a ce baduku ya je shagon mutum da rigimar wuƙa ba, a zamanin da ake ciki, da ranar an ji mu.

Na je Daddara na faɗa wa Malam Hamisu komai. Ya wanke ni tas da faɗa, kuma na cancanta. Sannan ya sa hoton kuben a guruf ya yi cigiya. Ba a yi awa biyu ba wani Alhaji daga Bugaje ya kira, ya ce a zo a ɗauka kyauta, don duk wuƙar da ya zura a ciki sai ya dawo ya same ta yashe a ƙasa. Rabe kuwa ya fice daga guruf ɗin ba sallama.

Muka haɗu da hantsi a gaban rumfata, Malam Hamisu ne shaida. Aka shimfiɗa tabarma, Alhajin ya ajiye kube, na ajiye wuƙa, na zura ta da hagu da bismilla, ta shige sumul. Kuben lafiyarsa lau, ko huda ɗaya ta gara babu. Babu wanda ya yarda ya ajiye ta a cikinmu, muka ba Sallau ya mayar wa 'yar Agali. Cikin mako guda yatsu biyu suka dawo. Ƙaramin bai dawo ba, ga shi nan a sandare har yau.

Daga baya na buɗo hoton nan na farko da Rabe ya sa, don in goge shi. Hoton da na kalla ya fi a ƙirga, wuƙa da kube a kan tabarma, babu komai bayan su. Ranar sai na ga hannu a kwance a kansu, ya dafe su biyun wuri ɗaya, babban yatsan a gutsure. Na kira Malam Hamisu ya duba a tasa wayar, da ya duba sai ya ce in goge, shi ma zai goge. Ni ban san mene ne wannan ba, kuma ban tambayi kowa ba.

Na ji an ce Rabe yana wani guruf yanzu, yana turo musu wa'azin amana kowace safiya. Ku masu sayen irin waɗannan kaya ta waya, don Allah kada ku bi wanda ya ja ku gefe ya ce a bar shaida, ku tambayi asalin abu, kuma wuƙar da ta zo muku tsirara ku tambaya ina aka kai kubenta. Ni har yau ina dukanci, amma duk ranar da aka kawo mini tsohuwar wuƙa a ce in yi mata sabon kube, kafin in taɓa ta sai na ji ƙaramin yatsan nan ya ɗauki sanyi, sai in ce wa mai ita ya ajiye ta ƙasa tukuna, ya gaya mini wa ya ɗinka na farko.