Awadiyya, Wadda Ta Hana Aljirif Shuka

Kafin a sauke shayin safe a Omdurman, Ustaza Awadiyya Alu ta riga ta kira mutum biyar. Masu kamun kifi ne da manoma na can saman kogi, kuma tambayarta ɗaya ce kullum: "Yau ruwa ya hau ko ya sauka?" Daga nan sai ta ɗauki waya ta naɗi muryarta, rabi Hausa rabi Larabci, ta aika wa manoman bakin Nilu. Shekara ashirin ke nan tana aikin jaridar gona, daga rediyo har zuwa waya, ba ta taɓa karɓar lambar yabo ba. Ni kaina na daɗe ina yi mata kallon mai yawan surutu, Allah ya yafe mini.

A Aljirif, unguwarmu ta manoma a bakin Nilu, muna da al'ada. Akwai wata tsohuwar bagaruwa a gaɓa, in ambaliya ta janye har saiwarta ta fito fili, kowa sai ya shuka a ɗanyar laka. Haka kakanni suka yi. Bara saiwa ta fito, sai ga muryar Awadiyya tana cewa kada kowa ya shuka. Mutanenta na sama sun ce ruwa na tafe karo na biyu, kogin yanzu ba ya bin tsohon lokacinsa.

Baba Hamuda, dattijon manomi, shi ya fi kowa shiga uku. Irin kuɓewar da kakansa ya taho da shi daga ƙasar Hausa a hanyar Makka, ƙoƙo ɗaya ya rage masa bayan yaƙi ya raba mu da gonaki. In ruwa ya cinye shi, zuriyar irin ta ƙare. In ya jira laka ta bushe, an yi asarar shekara.

Maƙwabcinsa Salih ya yi ta dariya. "Ya zol, kai mutumina, bagaruwar kakanka za ka bi ko matar da ke magana daga Omdurman?"

Awadiyya ta hau mota ta zo da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi. "Ammi Hamuda, baffana, kwana goma kawai nake roƙo. In ruwa bai dawo ba, ka faɗa wa duniya na yi ƙarya, ni zan naɗi muryarka in watsa."

Ya daɗe yana kallon ƙoƙon. "Halas, shi ke nan, 'yata. Zan jira."

A rana ta takwas kogi ya dawo, ya shafe duk abin da su Salih suka shuka. Muna tsaye a gaɓa muna kallo.

Ke ce, Awadiyya, mai tambaya kafin ta faɗa. Kin sa sunanki na shekara ashirin a kan ƙoƙo ɗaya na tsoho, kuma kin yi gaskiya. Mun gode, wallahi mun gode. Matasa masu riƙe da waya, ku koyi wannan: ku kira, ku tabbatar, ku taka ku je gonar.

Hamuda ya shuka bayan ruwa na biyu ya janye, kuɓewa ta yi har ta wuce kafaɗarsa. Da ta bushe ya ɓare iri, ya cika buhu biyu, ya raba wa gidaje goma sha huɗu. Salih ne farkon wanda ya miƙo hannu.